Daga Keso zuwa Anini: Tarihin Tsabar Kuɗi da Ire-irenta a Ƙasar Tasawa

Hawandawaki ƙaramar hukuma ce ta karkara a kudancin gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi, kuma tana daf da iyakar da ta raba Jamhuriyar Nijar da jihar Katsina ta Nijeriya. Ba a taɓa buga kuɗi a wannan gari ba, haka ma a Tasawa ko Mayahi ko Maraɗi, domin sarakunan ƙasar Hausa, na Haɓe da na daular Usmaniyya baki ɗaya, ba su kafa gidan buga tsabar kuɗi da sunansu ba, saɓanin Mahadin Sudan da Halifarsa a Omdurman ko Sarki Ali Dinar na Darfur, waɗanda suka buga nasu. Saboda haka duk wani tsohon kwabo ko sule ko dala da za a tsinta a gona ko a ƙasan adakar wata tsohuwa a wannan yanki baƙo ne da aka ƙera a wurare irin su Birmingham ko Landan ko Paris ko Biyana, kuma darajarsa ga mai binciken tarihi tana cikin hanyar da ya bi har ya iso, da dalilin da ya sa mutanen wurin suka karɓe shi ko suka ƙi shi, fiye da yadda take cikin ƙarfen da aka yi shi da shi.

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin kasuwa, wato ɓawon wata ƙaramar dodon-koɗi ta teku wadda asalinta tsibiran Maldib ne a tekun Indiya. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Shaida mafi ƙarfi a kan yadda ake ma'amala da shi a wannan yanki ta fito ne daga Tasawa kanta, inda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a watan Janairu na 1851 a kan hanyarsa daga Agadas zuwa Gazawa da Katsina da Kano. Ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a zama ɗaya, kuma ya lura cewa Hausawa ba sa shirya wuri a zare kamar yadda ake yi a bakin teku, sai dai a ƙirga shi biyar-biyar a tara tsibi-tsibi, kuma ko da an kawo shi cikin keso, wato buhun kaba mai ɗaukar 20,000, babu ɗan kasuwar da zai karɓa sai ya ƙirga da hannunsa. A Kano a wannan shekarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500, ma'ana keso guda, wanda kayan ƙato ɗaya ne, bai wuce liyari takwas ba, waɗanda za su shiga aljihun riga ba tare da an lura ba.

Liyari shi ne babban kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Teresa, nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kuma azurfar da ke cikinsa kashi 833 ce cikin 1,000. Ya riƙa shigowa ta hannun fataken Sahara daga Tarabulus da Gadamas, ana ajiye dukiya da shi, ana kuma biyan manyan cinikayya kamar na dawaki da bayi. Abin da ke ruɗin sabon mai tara tsoffin kuɗi game da liyari shi ne shekarar da ke jikinsa, domin tun rasuwar sarauniyar a 1780 aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, kasancewar 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba sa amincewa da wani fasali in ba wanda suka saba ba. An daɗe ana buga shi a Biyana, sa'an nan daga tsakiyar shekarun 1930 aka buga shi a Roma da Landan da Paris da Brasels da Bombay. Masana suna rarrabe bugun wani gida da na wani ta ƙananan alamomi, irin su yawan lu'ulu'un da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniyar, da fasalin gashin wutsiyar gaggafa mai kai biyu da ke bayan kuɗin, da rubutun da ke gefensa. Liyarin da ya yi yawo a ƙasar Tasawa a ƙarni na 19 ya yi wuyar samu a yau, saboda maƙeran fari sun narkar da mafi yawansa sun yi mundaye da zobba da kayan adon dawaki, wanda ya tsira kuma sau da yawa an huda shi ko an liƙa masa kunne don a rataya a wuya ko a kitso.

Wuri ya fara rasa daraja tun kafin mulkin mallaka, bayan da 'yan kasuwar Hamburg suka soma jigilar wani nau'i mai girma da arha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a tsakiyar ƙarni na 19. Zuwa shekarun 1890 liyari ɗaya ya kai kimanin wuri 5,000 a Kano, har ɗaukar kuɗin zuwa gari mai nisa ya zama yana cin wani babban kaso na kuɗin kansa. A cikin wannan hali ne Turawa suka tarar da kasuwannin yankin.

Rabon ƙasar ya zo ne daki-daki. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Baruwa, aka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan kwamitin Tilho da O'Shee ya kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908. A tsakanin haka rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar da kisa da ƙone-ƙone a 1899, har shugabanninta suka halaka a kusa da Maijirgi, gabas da Tasawa, kuma Faransawa suka ci Damagaram a wannan shekarar, yayin da Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Sakamakon haka garuruwan da ke kudancin Tasawa, waɗanda Katsinawa ne ta fuskar asali da auratayya da kasuwa, suka wayi gari a ƙarƙashin tutar Faransa, alhali kasuwannin da suke ci suna ƙarƙashin ta Ingila.

Kowace gwamnati ta so ta kawar da wuri, domin ba za a iya biyan soja da shi ko aika shi Turai ba. Ingilishi sun hana shigo da shi a 1904, Faransawa kuma suka daina karɓarsa a baitulmalinsu a 1907, suka tilasta a biya lanho, wato harajin kai, da tamma, wato faran ɗin Faransa. Amma hanyoyin da suka bi sun sha bamban, kuma wannan bambancin shi ne ginshiƙin duk wani nazari na tsabar kuɗin yankin.

Ingilishi sun fahimci cewa sule da sisi na azurfa sun yi wa cinikin yau da kullum girma, tun da mai sayen fura ko daddawa ko ƙullin gishiri yana biyan wuri goma ko ashirin ne. Don haka a 1907 suka fitar da kwabo da kuma anini, wanda shi ne kashi ɗaya cikin goma na kwabo, sa'an nan a 1911 suka ƙara da rabin kwabo, wanda Hausawa suka kira ɗari saboda ana ƙiyasta shi da wuri ɗari. A bisa wannan lissafi anini ya tashi a wuri ashirin, wato hauya guda a ƙirgen da. Duka ukun suna da huji a tsakiya, don haka babu hoton sarkin Ingila a jikinsu, sai kambi da sunansa a kewaye, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, a ɗaya fuskar kuma tauraro mai kusurwa shida wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu. Sanya Larabcin ba ado ba ne, amincewa ce da cewa masu karatu a ƙasar malamai ne da almajirai da fatake, kuma da haruffan Larabci suke karatu.

A nan ne ire-iren da masu tara kuɗi ke nema suka fi yawa. Aninin farko na 1907 da wani ɓangare na 1908 an yi shi da alminiyam, kuma yana cikin tsabar kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma gumi da damshi suka riƙa cinye shi, sai aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel a cikin 1908, abin da ya sa wannan shekara take da anini iri biyu. Daga 1907 zuwa 1911 rubutun yana ɗauke da sunan Nijeriya tare da na Afirka ta Yamma ta Ingila, daga 1912 kuma aka cire sunan Nijeriya, shekarar da aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma domin ƙasashe huɗu: Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Hukumar ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, sule da fataka ɗauke da hoton itacen kwakwar manja, amma tsadar azurfa bayan yaƙin duniya na farko ta sa aka rage ta zuwa rabi a 1920, kafin a bar ta gaba ɗaya a wannan shekarar a koma wani haɗin tagulla mai ruwan ɗorawa. Wannan sabon sule ya yi sauƙin kwaikwayo ga maƙeran jabu, har aka sake fasalinsa a 1938 da wani tsagi na musamman a gefe. Akwai kuma alamar gidan bugu, wato ɗan harafin da ke nuna inda aka ƙera kuɗin: H na gidan Heaton ne, KN na kamfanin King's Norton, dukansu a Birmingham, SA na Pretoriya, wanda ba shi da harafi kuma na gidan sarauta ne na Landan. Kwabo biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen wuyar samu saboda wannan harafi kaɗai.

Shekarar 1936 ta fi kowace jan hankali. Sarki Edward na Takwas ya yi murabus a watan Disamba kafin a saki kuɗi mai hotonsa a Ingila, amma da yake anini da ɗari da kwabo ba sa bukatar hoto, an riga an buga su da sunansa an aiko, suka shiga kasuwannin Katsina da Daura da ƙauyukan iyaka. Waɗannan ba su da wuyar samu, domin an buga su da yawa. Masu wuya su ne waɗanda masana ke kira alfadari, wato kuɗin da ma'aikata suka yi kuskuren haɗa hatimin ƙarfe na fuskar wani kuɗi da na bayan wani daban: akwai kwabon 1936 mai fuskar kuɗin Afirka ta Gabas, da na 1945 mai sunan Edward shekara tara bayan saukarsa, da na 1956 mai sunan George na Shida shekara huɗu bayan rasuwarsa.

Faransawa ba su yi wa mallakarsu irin wannan tanadi ba. Bankin Afirka ta Yamma da suka kafa a 1901 takardun kuɗi yake bugawa, tsaba kuwa sai dai a kwaso ta Faransa kamar yadda take: manyan azurfofin tamma biyar na zamanin Louis-Philippe da Napoleon na Uku, waɗanda suka gaji sunan dala, da ƙananan azurfofi masu hoton mace tana shuka, da santim masu huji, da kuma na tagulla da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Faransa suka fitar daga 1920. Sai a 1944 aka buga tsaba mai sunan Afirka ta Yamma ta Faransa, aka ƙirƙiro sefa a ranar 26 ga Disamba 1945, a 1948 kuma aka fitar da tamma ɗaya da tamma biyu na alminiyam masu kan barewa. Wannan yana nufin cewa shekara arba'in na farkon mulkin Faransa a Tasawa da Mayahi ba su bar wata tsaba da za a duba a ce ta wannan ƙasa ce ba. Dalar azurfa da wani talaka ya sayar da akuyarsa ya biya lanho da ita a barikin Tasawa ba ta da wata alama da ta raba ta da wadda aka kashe a Marseille, in ba a san inda aka tono ta ba.

Ga mutanen kudancin Tasawa, tamma kuɗin kumandan Faransa ce, sule kuma kuɗin kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, kuma dabbobi da fatu da gero da 'yan cin rani suka riƙa kwarara kudu, suna komowa da sule da kwabo da tufafi da goro. Bayan yaƙin farko faran ya faɗi ƙasa warwas: fam ɗaya da ake canjinsa a kan faran 25 kafin yaƙi ya kai kusan 240 a watan Yuli na 1926, kafin a tsayar da shi a wajen 124. Manomi bai bukaci ya karanta jarida ba kafin ya gane wanne kuɗi ne ke riƙe darajarsa daga kaka zuwa bazara. Abin da ya zama al'ada shi ne a ajiye sule, a nemi tamma wajen 'yan canji idan lokacin lanho ya ƙarato, kamar yadda Stephen Baier ya nuna a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Har gyaɗar da aka noma a Maraɗi da Tasawa ta Kano take fita, sai a 1953 Faransawa suka shirya karkatar da wani ɓangare ta Paraku da Kwatano. Tsoffin anini da kwabo da ake samu a arewacin iyaka su ne hujjar wannan tarihi da ake iya riƙewa a tafin hannu, kuma suna faɗin abin da rahotannin ma'aikatan mulkin mallaka ba su cika son faɗi ba, cewa layin da Tilho da O'Shee suka ja bai raba kasuwa ba.

Kwatanta wannan da ƙasar Uigur, Musulmin yankin Shinjiyang da ke yammacin Sin, yana ƙara haske. Bayan daular Manchu ta ci yankin a 1759, ta buɗe gidan kuɗi a Yarkand a 1760, daga baya a Ush da Aksu, inda aka riƙa zuba kuɗin jan ƙarfe mai huji mai kusurwa huɗu, ɗauke da rubutun Sinanci da na Manchu da kuma sunan garin da haruffan Larabci, wato dabara ɗaya da ta anini: mai mulki baƙo yana magana da talakawansa Musulmi da rubutun da suka sani. Bambancin shi ne can ana ƙera kuɗin a cikin ƙasa, don haka duk wanda ya karɓi mulki yakan buga nasa. Yakubu Beg ya buga zinariya da azurfa a Kashgar a shekarun 1870 da sunan Sarkin Musulmin Istambul Abdul'aziz, jamhuriyar Musulunci da aka shelanta a Kashgar a ranar 12 ga Nuwamba 1933 kuma ta buga tsabar jan ƙarfe mai shekarar Hijira 1352 kafin ta rushe a farkon 1934. Da yake da hannu ake sassaƙa hatiman bugun, kuma suna saurin lalacewa, kuɗin wannan jamhuriya ta 'yan watanni ya fito iri-iri, kuma masu tara shi suna bin bambancin haruffa da zane ɗaya bayan ɗaya. A Kashgar ire-iren kuɗi suna ba da labarin abin da ya faru a cikin gari. A ƙasar Tasawa kuwa harafin H ko KN labarin Birmingham yake bayarwa, labarin gida yana cikin hujin da aka ƙara, da gogewar hannu, da wurin da aka binne kuɗin.

Wannan ne ya sa ma'aunin littattafan farashi na Turai, wanda ke fifita kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba, yake da ƙarancin amfani ga mai nazarin tarihin wannan yanki. Dalar da aka liƙa wa kunne ta rasa kusan duk darajarta a wajen dillali, alhali ita ce ke nuna yadda mata suka mai da kuɗi ado da ajiya a lokaci guda, kamar yadda sisin gwal, wato zinariyar Ingila, ya samu gurbi a sadaki da kayan aure. Anini ma da darajarsa ta ƙare bai ɓace ba: an sa shi a ƙarƙashin ƙusa wajen rufin kwano, an rataya shi a wuyan yara, wuri kuma ya koma hannun 'yan bori da masu duba da masu yi wa ƙwarya ado. Nijeriya ta fitar da tsabarta a 1959, inda ta bar huji da tauraro a jikin kwabo da ɗari, sa'an nan naira ta kawar da fam da sule a ranar 1 ga Janairu 1973, yayin da a Nijar ake ci gaba da lissafin sefa da dala da jika har yau.

Babbar asarar da ake yi tana faruwa ne a lokacin da aka tono tukunyar kuɗi. Irin wannan ajiya, wadda mai ita ya binne saboda tsoron ɓarayi ko masu karɓar haraji ko wata fitina bai koma ya ɗauka ba, tana da amfani ne idan ta zauna a haɗe, domin shekarar da ta fi kowace kusa a cikinta ita ke nuna cewa ba a binne ta kafin lokacin ba, yawan sule a kan tamma kuma yana nuna wanne kuɗi mai ita ya amince da shi. Abin da aka saba yi shi ne a kai azurfar wajen maƙeri, a goge sauran da toka ko lemun tsami har rubutun ya shafe, a watsa su hannun dillalai da ke kai wa kasuwar Kurmi a Kano ko masu sayar wa baƙi a Yamai, ba tare da an rubuta sunan ƙauyen ba. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da Gidan Makama a Kano, da gidajen tarihin kuɗi na babban bankin Nijeriya a Abuja da na bankin ƙasashen sefa a Dakar, wurare ne da suka dace a kai irin wannan tsintuwa, amma aikin farko na wanda ke kusa ne, malamin makaranta ko magatakardan mai gari a Hawandawaki ko Korgom ko Gazawa, kuma bai wuce ya rubuta gonar da aka samu tukunyar da zurfinta, ya ƙirga abin da ke ciki iri-iri, ya kwafe shekara da harafin gidan bugu na kowane ɗaya kafin a raba su.